'Yan Sifaniya da 'yan Indunusiya mazauna waje: wa ya fi samun rufin asiri?

Abu Hafsat, Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata gardama ce ta haɗa ni da wani abokina jiya bayan la'asar, na ce bari in kawo ta gabanku tunda akwai waɗanda suka fi ni yawon duniya. Abokin nawa ɗan Indunusiya ne, irin waɗanda mu nan muke kira Jawa, direban wani gida ne shekara goma sha ɗaya ke nan. Muna shan shayi sai ga wasu Turawa biyu sun shigo da rigar aikin jirgin ƙasan Haramaini. Ga wanda bai sani ba, jirgin nan mai gudu da ke haɗa Makka da Madina, wanda aka buɗe a 2018, kamfanonin Sifaniya ne suka shimfiɗa dogonsa suka kawo taragunsa, har yanzu kuma akwai mutanensu a kansa. Sai na tsokane shi, na ce ka ga baƙi irinmu, iƙama, wato takardar izinin zama, suke ɗauke da ita kamar yadda muke ɗauke da ita, amma albashin ɗayansu na wata guda sai ya biya ka na shekara. Ya ce wannan gaskiya ne, amma idan aka tara mutanen ƙasarsu da ke waje gaba ɗaya, sun fi 'yan Sifaniya amfanar gida, domin a ƙauyensu babu gidan bulo ko ɗaya da ba kuɗin ci-rani ne ya gina shi ba. Na ce amfanar gida daban, jin daɗin mutum daban. Muka rabu ba wanda ya sauka. To ku me kuka gani?

Mai Shayi:
Yaya Abu, me ya haɗa kifi da kaska? Ni abin da na sani game da Sifaniya ƙwallo ne, abin da na sani game da Indunusiya kuma Indomie ce. Idan ta nan za a auna, na biyun ne ke ciyar da iyalina.

Injiniya Bashir, Jamus:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ta kai gardama ba, Malam Abu. Ina aiki da 'yan Sifaniya huɗu a sashenmu, dukansu sun zo ne bayan tattalin arzikin ƙasarsu ya durƙushe daga 2008. A 2013 rashin aikin yi a can ya haura kashi 26 cikin ɗari, na matasa kuwa ya wuce kashi 55. Injiniyoyi suka kwararo Jamus, ma'aikatan jinya suka cika asibitocin Ingila. Har taken zanga-zanga suka yi a lokacin, ma'anarsa ba tafiya muke yi ba, korarmu ake yi. To amma dubi irin korar. Mutum ya sayi tikitin jirgi mai araha, cikin awa uku ya sauka, babu biza, babu dillali, babu wanda ya karɓe masa fasfo. Ƙasarsu ta shiga ƙungiyar Turai tun 1986, saboda haka albashin da za a biya Bajamushe shi doka ta ce a biya shi, shekarun da ya yi aiki a nan kuma ana haɗa masa su cikin lissafin fanshonsa in ya koma gida. In mai gida ya ɓata masa rai, gobe ya nemi wani wurin. Ni da na zo da digiri irin nasu sai da na yi wata da watanni ina jiran takarda. Abin da kowane mutum ke samarwa a shekara a Sifaniya ya haura dala dubu 30, a Indunusiya kuwa wajen dala dubu 5 ne. Wanda ya fito daga gidan mai shi ba zai karɓi aikin da ɗan talaka zai karɓa ba.

Zainab A., Zariya:
Yaya Bashir, ban musa maka ba, sai dai kafin a ce wane ya fi wane ya kamata a tambaya su wa ake ƙirgawa. A nan ne lissafin ke ruɗa mutane.

Hukumar ƙididdigar Sifaniya tana da rajistar 'yan ƙasa mazauna waje, a farkon 2025 adadin ya ɗan haura miliyan 3. Amma waɗanda aka haifa a Sifaniya a cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ƙasar da ta fi yawansu ba Jamus ba ce, ba Faransa ba ce, Ajantina ce, da wajen rabin miliyan. Yawancinsu 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka yi ƙaura tun da daɗewa, suka karɓi fasfo ta dokar 2007 da ta 2022 waɗanda suka buɗe wa jikoki ƙofa. Ma'ana dattijuwar da ke Habana ta Kyuba tana layin burodi, ko tsohon da hauhawar farashi ta cinye fanshonsa a Benezuwela, su ma suna cikin miliyan ukun nan tare da abokan aikinka huɗu.

A ɗaya ɓangaren kuma abin juye yake. Indunusiya ba ta yarda babban mutum ya riƙe fasfo biyu ba. Dokarsu ta 2006 yara kawai ta bar wa dama, su ma da sun kai shekara 18 ana ba su shekara uku su zaɓi ɗaya. Don haka likita ko ɗan kasuwa da ya yi ƙarfi a Singafo ko Amurka ya karɓi takardar can, shi ke nan ya fita daga lissafin 'yan Indunusiya. Hukumar shige da ficensu da kanta ta ce tsakanin 2019 da 2022 kusan mutum dubu huɗu suka koma 'yan Singafo, yawanci matasa masu ilimi. A 2016 an naɗa wani ƙwararre kan harkar mai, Arcandra Tahar, ministan makamashi, kwana ashirin aka sauke shi saboda an gano yana da fasfon Amurka. To wa ya rage a rajista? Masu aikatau, masu yankan kwakwar manja, masunta, direbobi. Ɗaya ƙasar tana jawo jikokinta cikin lissafi, ɗayar tana zubar da masu ƙarfinta daga lissafi, sannan a ɗora su a sikeli ɗaya.

Injiniya Bashir, Jamus:
To ai kin ƙara ƙarfafa maganata ne, ƙanwata. Ko da an haɗa da talakawan Kyuba, fasfon da ke hannunsu dukiya ce.

Zainab A., Zariya:
Dukiya ce, ban ce ba ita ba ce. Shi ya sa ake kwana a layi a ofisoshin jakadancinsu. Abin da nake cewa, ba ƙwazo ake aunawa ba idan aka kwatanta su, takarda ake aunawa.

Abu Hafsat, Jidda:
Malama Zainab ta tuna mini wani abu da ke gabana kullum ban taɓa lura da shi ta wannan fuskar ba. A nan Hijaz akwai Jawa iri biyu. Akwai abokina direba, akwai kuma tsofaffin gidajen da kakanninsu suka zo aikin hajji tun zamanin jirgin ruwa suka zauna. Za ka ji sunan iyali Bantan, ko Falimban, ko Mandili, daidai yadda muke da Hausawi da Barnawi da Fallata. Waɗannan Saudiyawa ne cikakku, a cikinsu akwai likitoci, malaman jami'a, masu kamfanonin hidimar alhazai. Shaihu Nawawi Albantani, wanda ya rasu a Makka a 1897, har gobe ana karanta littattafansa, Shaihu Ahmad Khatib na Minangkabau kuma limanci ya yi a Harami. Jikokin irin waɗannan gidaje su ne yau wani lokaci suke ɗauko 'yar aiki daga tsibirin da kakansu ya baro. Babu mai sa su cikin lissafin 'yan ci-ranin Indunusiya. Mu Takari mun san wannan rabuwar, a gida ɗaya sai ka ga mai tabi'iyya, wato takardar ɗan ƙasa, da marar iƙama, kaka ɗaya, rayuwa biyu.

Malam Habu:
Allah ya yi muku albarka. Na bari ne ku ɗan taɓa kafin in sa baki, don in tsoho ya fara ba ya jin kira.

Bashir, abin da kake gani a wurin aikinka sabon abu ne ƙwarai. Shekara ɗari da suka wuce 'yan Sifaniya su ne Jawan duniya. Tsakanin 1880 da 1930 miliyoyinsu suka hau jirgin ruwa zuwa Ajantina da Kyuba da Burazil da Yurugwai, mafi yawa manoma ne daga yankin Galisiya da Asturiyas da tsibiran Kanari, gonar gado ta yi ƙanƙanta, ga tsoron a kwashe yaro soja a kai shi yaƙin Maroko. 'Yan Galisiya sun yi yawa har a Ajantina kowane ɗan Sifaniya sai a ce masa gallego, kuma kalmar a da ba yabo ba ce. Su ne 'yan dako, masu wanke kwanuka, matan kuma 'yan aikin gida. Mahaifin Fidel Castro ma daga wani ƙauyen Galisiya ya fito.

Abin da ya ɗaga su, a ganina, abu uku ne suka haɗu. Sun tarar da harshensu ake yi a can. An bar su su zauna dindindin, su sayi fili, su buɗe kanti, su yi aure, ɗansu ya tashi ɗan ƙasa. Sannan sun iya ƙungiya. A Buenos Aires da Habana suka kafa cibiyoyin 'yan gari, kowa na zuba ɗan abin da ya samu duk wata, har suka gina asibitocin kansu da makarantu da maƙabarta. Yaron kanti yana kwana a bayan kanta shekara goma, mai gida ya sallame shi da jari, kamar dai yadda muka sani a Kantin Kwari. Ramón Areces, wanda ya gina El Corte Inglés, babban jerin kantunan Sifaniya, a wani kantin Habana ya koyi ciniki. Kamfanin burodin Bimbo na Meksiko da aka kafa a 1945, cikin waɗanda suka kafa shi akwai Lorenzo Servitje, ɗan baƙin da suka zo daga Kataloniya. Waɗanda suka koma gida da kuɗi ana ce musu indianos, har yau in ka je arewacin ƙasar za a nuna maka gidajensu masu bene da itacen dabino a ƙofa. Waɗanda suka mutu hannu rabbana kuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba, sai dai su ba su bar bene ba balle a nuna.

Sai zango na biyu, zamanin mulkin Janar Franco a Sifaniya. Gwamnati ta kafa hukumar tura ma'aikata waje a 1956, ta sa hannu da Jamus ta Yamma a 1960, da Faransa da Suwizalan da Holan a 1961. Kafin 1973 wajen mutum miliyan biyu sun fita, suna kwana a barikokin ma'aikata, suna turo kuɗi. Kuɗin nan da na 'yan yawon buɗe ido su suka toshe giɓin cinikin ƙasar da waje. Wato abin da Jakarta ke yi yau, Madrid ta yi shi jiya. Bambancin, Sifaniya ta yi amfani da lokacin ta gina masana'antu, har ta kai yau ita ce baƙi ke aika kuɗi daga cikinta zuwa Maroko da Kolombiya da Ekwado.

Hajiya Rabi:
Allah ya gafarta Malam, wannan magana ta zama dindindin ita ce zuciyar al'amarin. Na yi shekara huɗu a Malesiya lokacin da maigidana ke karatu, kuma maƙwabtanmu da masu shara a unguwar kusan duk 'yan Indunusiya ne. Wani rahoton Bankin Duniya na 2017 ya ce akwai wajen miliyan 9 da ke aiki a waje, fiye da rabinsu a Malesiya, sai Saudiyya, Taiwan da Hong Kong. A 2016 sun tura gida kusan dala biliyan 9. Ku raba ku gani, wajen dala dubu ɗaya ke nan a shekara kowane mutum. A 2023 kuɗin ya haura biliyan 14. Gwamnati na yi musu kirari da pahlawan devisa, wato jaruman kuɗin waje. Su kuwa matan da na sani in ka faɗi kalmar dariya suke yi.

Ga yadda abin yake tafiya. Yarinya a wani ƙauye na Lombok ko Indramayu, dillali ya zo, suna ce masa calo, ya ba iyayenta ɗan kuɗi a hannu, ya kai ta sansanin horo. Kuɗin jirgi, na likita, na horo, duk bashi ne a kanta. Ta isa, wata shida ko fiye ana zaftare albashin kafin ta fara ganin nata. Kwantiragi shekara biyu. Ba za ta kawo miji ba, ba za ta kawo ɗa ba, kaka ce ke raino. A Hong Kong, inda ake ganin ya fi ko'ina sauƙi, akwai su wajen dubu 150, mafi ƙarancin albashin 'yar aiki a ƙarshen 2024 dalar Hong Kong 4,990 ce a wata, dole ta kwana a gidan mai aiki, in aka sallame ta sati biyu gare ta ta samu wani gida ko ta bar garin. Kowane baƙo in ya yi shekara bakwai yana iya neman zama na dindindin, amma a 2013 babbar kotun can ta yanke cewa ban da 'yan aikin gida. Sai mace ta yi shekara ashirin tana rainon 'ya'yan wasu, ran da ƙarfi ya ƙare ta koma da jaka. Ta ina za ta buɗe kanti irin na gallego? Ranar Lahadi suna cika dandalin Victoria, suna sayar wa juna abinci a ɓoye, suna adashi, wasu na karatun jami'a daga nesa. Ƙwazo akwai, ƙasar da za a dasa shi ce babu.

Duk da haka ban yarda a ce asara suke yi ba. Wata da ke taimaka mana da wanki ta nuna mini hoton gidanta mai tayil da shagon ɗinki da ta buɗe wa ƙanwarta, ɗanta kuma yana kwalejin koyon jinya. Dukiyarsu tana gida, su ne ba sa gida.

Injiniya Bashir, Jamus:
Hajiya, na karɓi wannan. Kuma akwai abin da zai ƙara wa maganar Malam nauyi. 'Yan Sifaniyan da suka zo nan a shekarun 1960 yawancinsu ko firamare ba su gama ba. Amma da aka bar su suka kawo iyali, sai suka kafa ƙungiyoyin iyaye, suka haɗe su a 1973, suka dage cewa ba za a ware 'ya'yansu a ajin baƙi ba, a sa su aji ɗaya da 'ya'yan Jamusawa, darasin harshen gida kuma a yi shi da yamma. Yau a nan ana buga misali da su cikin baƙin da 'ya'yansu suka fi nasara a makaranta. Shugaban sashenmu na da jikan wani mai walda ne daga Andalus. Da an mayar da kakansa gida bayan shekara biyu, da babu wannan labarin.

Ɗan Damagaram, Almeriya:
Salamu alaikum manya. Ni a cikin Sifaniyar nake, shekara bakwai ina aikin tumatir da tattasai a gonakin leda, don haka ku bar ni in rage wa abin gishiri. Yadda kuke magana sai mutum ya ɗauka kowane ɗan Sifaniya da ya fita injiniya ne. Duk shekara in watan Agusta ya raba, mutane wajen dubu 15 ke hawa bas, akasari daga nan Andalus, su tafi Faransa tsinkar inabi, saboda ladan awa a can ya fi na nan. Mafi ƙarancin albashi a nan a 2025 Yuro 1,184 ne sau goma sha huɗu a shekara, haya kuwa ta cinye rabi a manyan birane. Ɗan mai gonar da nake wa aiki yana da digiri, shekara uku ya yi a Landan yana haɗa kofi, su biyar a gida ɗaya. Ci-rani ne sak. Abin da na yarda da shi, shi da ya gaji sai ya dawo ya tarar da asibiti kyauta da gadon uwarsa. Kuma na ji da kunnena daga wata tsohuwa da ta dawo daga Benezuwela cewa gwamnatin nan tana biyan tsofaffin 'yan ƙasarta marasa ƙarfi da ke waje wani ɗan alawus, waɗanda suka haura shekara 65. Na riƙe baki. Su gida ke aika musu, mu da Jawa gida ke jiranmu.

Mai Shayi:
Wallahi wannan ta ƙarshe ta taɓa ni, ɗan'uwa. Ni ma da nake Legas kawai, wayata ba ta hutawa daga 25 ga wata.

Zainab A., Zariya:
Alawus ɗin gaskiya ne, kuma a Ajantina da Benezuwela da Kyuba aka fi karɓarsa. Wannan ma ya nuna cewa arzikin ɗan ci-rani yana bin ƙasar da ya sauka. Mutanen Kanari sun cika Benezuwela a shekarun 1950 har ana kiranta tsibirin Kanari na takwas, suka yi gidaje da gonaki da shaguna, yau jikokinsu ne ke gudowa. A Ajantina a ƙarshen 2001 gwamnati ta kulle wa mutane kuɗinsu a banki, tarin shekara arba'in ya narke.

Gwajin da ya fi adalci shi ne a duba inda aka ba su dama iri ɗaya. A Amurka 'yan asalin Indunusiya ba su da yawa, dubu ɗari da 'yan kai ne, inda suka fi taruwa shi ne kewayen Los Angeles. Wasu karatu ya kai su, wasu kuma 'yan asalin Sin ne da Kiristoci da suka tsere bayan tarzomar Mayun 1998, lokacin da kuɗinsu rupiya ya faɗi daga wajen 2,400 kan dala ɗaya zuwa sama da 16,000. Akwai masu wahala a masana'antun Philadelphia ba takarda, amma an yi irin su marigayi Sehat Sutardja, haifaffen Jakarta, wanda ya kafa kamfanin Marvell mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urori tare da matarsa da ɗan'uwansa a 1995. A can kuma kalmar ɗan Sifaniya ita ma tarko ce, domin a jihar New Mexico akwai iyalai da ke kiran kansu haka alhali kakanninsu sun zauna a wurin tun kafin a kafa Amurka, da yawansu kuma talakawan karkara ne. Duk wanda ya kawo muku jadawalin kuɗin shiga na ƙabilu a Amurka, ku tambaye shi waɗannan ya ƙirga ko likitan da ya zo daga Madrid bara.

Malam Habu:
'Yata, kin manta da Holan, kuma a can darasin ya fi fitowa fili. Bayan Holan ta amince da 'yancin Indunusiya a 1949, mutum wajen dubu 300 suka koma can, yawancinsu ruwa biyu ne masu jin harshen Holan kuma masu takardar ƙasa. Sun sha raini da farko, amma zuwa zamanin 'ya'yansu suka narke cikin jama'a. A 1951 kuma aka kawo mutanen tsibiran Maluku na Indunusiya wajen 12,500, sojojin mulkin mallaka da iyalansu. Da saukarsu aka sallame su daga soja, aka ce zaman wucin gadi ne, aka zuba su a sansanoni, har da Westerbork inda 'yan Nazi suka tara Yahudawa. Shekaru suna zaune ba ƙasa, ba aikin kirki. 'Ya'yansu ne suka yi garkuwa da jiragen ƙasa a 1975 da 1977. Ƙasa ɗaya suka fito, ƙasa ɗaya suka sauka, takarda ta raba su.

Haka in kun dubi masu gudun siyasa. Da aka ci 'yan jamhuriya a yaƙin basasar Sifaniya a 1939, kusan rabin miliyan suka tsallaka Faransa, aka killace su a bakin teku cikin sanyi. Amma Shugaba Lázaro Cárdenas na Meksiko ya karɓi wajen dubu 20, ya ba malamai kujeru a jami'a, suka kafa makarantu da kamfanonin ɗab'i. Jikokinsu ne Sifaniya ta mayar wa fasfo. Indunusiya kuwa bayan juyin 1965 ta soke fasfon ɗalibanta da ke karatu a Mosko da Prag da Beijin waɗanda suka ƙi yi wa sabon mai mulki Janar Suharto mubaya'a. Injiniyoyi da likitoci suka tsufa a Turai, wasunsu gidan abinci suka buɗe a Faris don su rayu. Sai a 2023 gwamnatin Joko Widodo ta aika ministoci su same su da tayin biza, lokacin da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Mai Shayi:
Allah ya gafarta Malam, ku yi haƙuri in dawo da maganar taliyata, don ba wasa nake ba. Masu Indomie ba 'yan Indunusiya ba ne a waje? Ga masana'anta a Ota, ga ta a Kaduna. Su ba a sa su a sikelin?

Zainab A., Zariya:
Tambayarka ta fi yadda ka zata, Yaya. Alamar ta gidan Salim ce, wanda ya kafa gidan kuma, Liem Sioe Liong, shi kansa baƙo ne da ya zo Indunusiya daga lardin Fujian na Sin. Abokin haɗin gwiwarsu a Najeriya, Tolaram, wani iyali ne 'yan asalin Sindh da suka fara da kantin yadi a garin Malang a 1948, yanzu hedikwatarsu na Singafo. Jarin Indunusiya yana fita da kwat da lauya, ɗan Indunusiya yana fita da bashin dillali.

Abu Hafsat, Jidda:
Hajiya ta ce Hong Kong ce mai sauƙi, to mai wuyar a gabanmu aka yi ta. A Yunin 2011 aka zartar wa wata 'yar aiki hukuncin kisa a Makka ba a sanar da ƙasarta ba, Jakarta ta dakatar da turo mata. A 2015 aka sake kashe biyu cikin mako guda, sai suka hana turo 'yan aikin gida zuwa ƙasashen yankin gaba ɗaya. Kun san me ya biyo baya? Ba su daina zuwa ba, sai dai su shigo da bizar umara ko ta shara, wato kariyar da ke akwai ma ta ragu. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san ƙarƙashin gadar Kandara, inda a da waɗanda suka gudu daga kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyinsu, suke kwana suna jiran a kama su a mayar da su gida kyauta. Na ga Jawa a wurin, na ga namu. Bature ɗan Sifaniya ma kafili gare shi a takarda, amma ban taɓa ganin ko ɗaya a Kandara ba.

Hajiya Rabi:
Shi ya sa yanzu masu ɗan ilimi suke kallon gabas. Koriya ta Kudu tana ɗaukarsu gwamnati da gwamnati tun 2004, sai ka ci jarrabawar harshe, dillali ba shi da babban rabo. Japan ta fara karɓar ma'aikatan jinya a 2008, kuma wanda ya ci jarrabawar ƙasa yana iya ci gaba da zama ya kawo iyali. A farkon 2025 ma matasansu suka cika intanet da taken KaburAjaDulu, wato mu dai fara gudu tukuna. Kusan maganar da Injiniya ya ce 'yan Sifaniya sun yi a 2013.

Ɗan Damagaram, Almeriya:
Bari in ba ku wanda na gani da idona. Shekara biyu da suka wuce na tafi arewa neman aikin teku, na sauka a Burela, wani ƙaramin garin masunta a Galisiyar da Malam ya ambata. 'Ya'yan garin ba sa son shiga jirgi kuma, sati biyu uku a ruwa cikin sanyi. Waɗanda ke ɗaga ƙugiya su ne mutanen Kef Bad, da 'yan Feru, da 'yan Senegal, da Jawa birjik. Na yi sallar Juma'a da su. Wasu har sun kawo mata, yaransu na makarantar garin suna yaren Galisiya. Ni dai ban samu aikin ba, babu takardar horon teku, kuma ran da na leƙa jirgi a tashar ma sai da cikina ya juya. Na dawo wa tumatir ɗina.

Abu Hafsat, Jidda:
Na karanta wa abokin nawa wannan ta Burela yanzu a waya, ina fassara masa da Larabci. Bai ce komai kan gardamarmu ba. Tambayata ya yi ko ana ɗaukar mai shekara arba'in da shida, kuma nawa ne kuɗin horon. Ɗan Damagaram, in kana da lambar wani a cikinsu ka turo mini ta gefe.